Ruwan Batir: Tsakanin Ƙaddara da Sakaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin da ke cikin ƙasa, Ya kuma ba shi hankalin da zai rarrabe amfanin abu da cutarsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata magana da muke yawan ji a duk lokacin da haɗari ya auku a garaji, ko a mangaza, ko a bisa hanya. Sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mai kayan ya rantse cewa bai yi nufin cutar da kowa ba, jama'a su gaskata shi, a yi jaje, a watse. Mu ma mun yarda bai yi nufi ba. Amma tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: shin rashin mugun nufi ya isa ya wanke mutum, alhali abin da ya yi ɓarnar yana hannunsa, kuma ya san irin ɓarnar da yake iya yi?

Za mu auna wannan tambaya da abu guda wanda ya shigo garuruwanmu ya zauna, watau asid, musamman wanda ake kira asid sulfurik, wanda sirkakkensa muka sani da sunan ruwan batir. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne, yawancin abubuwa masu cutarwa suna yi wa mutum gargaɗi da kansu. Wuta tana da haske da hayaƙi, wuƙa ana ganin kaifinta, maciji ko yaro ya gan shi ya san abin gudu ne. Shi kuwa wannan ruwa ba shi da launi, ba shi da wani wari da zai tsai da mutum, in an zuba shi cikin kwalba babu mai bambanta shi da ruwan sha. Saboda haka tsaron wanda bai sani ba ya rataya gaba ɗaya a wuyan wanda ya sani.

Sanin abu kafin yi masa hukunci

Malamai ba su yanke hukunci a kan abu sai sun fahimci yadda yake, don haka bari mu fara da wannan. Asid sulfurik ana yin shi ne daga farar wuta. A ƙona ta, a sarrafa hayaƙinta, a haɗa shi da ruwa, sai a samu wani ruwa mai kauri kamar mai. Wanda masana'antu ke aiki da shi, kashi 98 cikin 100 asid ne tsantsa. Yana da nauyi ƙwarai, lita guda ta kusa kilo 2, watau bido mai lita 20 ya haura kilo 36, kusan ninki biyu na nauyin ruwa. Wanda ke cikin batirin mota kuwa an sirka shi, asid ɗin kamar kashi ɗaya cikin uku ne, sauran ruwa. Duk da haka ya isa ya makantar da ido, ya huda tufafi.

Halinsa shi ne tsananin ƙishirwa. Duk abin da ya taɓa, sai ya zuƙe ruwan da ke cikinsa da ƙarfi, yana fitar da zafi mai yawa. In aka zuba tsantsarsa a kan sukari, sukarin zai baƙe ya kumbura ya koma gawayi. Haka yake yi wa katako, da auduga, da fatar ɗan Adam. Ƙunarsa biyu ce a lokaci guda, ga cin nama ga zafin wuta. Yaron da ya kurɓe shi, ko ya rayu, sau da yawa maƙogwaronsa yana warkewa ne da tabo, hanyar abinci ta tsuke, har ya zama tuwo ba ya wucewa, wani lokaci ko kunu sai da ƙyar.

Amma kada wannan ya sa mu ɗauka abin la'ana ne. Yana cikin ni'imomin da aka hore mana, kuma sayensa da sayar da shi da aiki da shi halal ne. Fiye da rabin wanda ake yi a duniya takin zamani ake haɗawa da shi. A nan ƙasarmu, tun daga 1971 da aka fara fitar da yuraniyom a Arlit, da shi ake jiƙa niƙaƙƙen dutse domin a tsamo ƙarfen. Shekaru da dama manyan motoci sun yi ta ɗauko farar wuta da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Gaya da Doso da Tawa da Agadas har Arlit, a can a mai da ita asid. Masu tace zinariya suna aiki da shi tare da ɗan'uwansa asid nitirik, kuma yawansu ya ƙaru tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten cikin 2014. Majemun zamani suna buƙatarsa. Sa'an nan ga shi cikin batirin kowace mota, da batiran hasken rana masu yawa da suka shiga gidaje da shaguna, har da masallatanmu, inda suke kunna lasifika da fanka. To, abin da ya kai wannan yawa, ba za a ce maganarsa ta injiniyoyi ce su kaɗai ba.

Ina iyakar tsautsayi?

Imani da ƙaddara ginshiƙi ne, ba mu jayayya da shi. Babu abin da ke aukuwa face da sanin Allah da nufinSa. Sai dai malamai sun yi mana bayani cewa ƙaddara abin rarrashin zuciya ce a kan masifar da ta sauka, ba a kafa ta hujja a kan laifin da mutum ya aikata. Uwar da ɗanta ya ƙone, in ta ce haka Allah Ya so, ta faɗi gaskiya, kuma tana da ladan haƙuri. Amma wanda ya bar kwalbar a buɗe a inda yara ke wasa, in ya riga kowa faɗin wannan kalma domin a rufe maganar, ya ɗauki gaskiya ya yi garkuwa da ita. Mun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro.

Shari'a ta raba abubuwa biyu da mutane ke cuɗawa, watau zunubin ganganci da haƙƙin wanda aka cuta. Niyya ita ce ma'aunin na farko. Na biyu kuwa ba ya faɗuwa don niyya ta yi kyau. Dubi kisan kuskure: a cikin Suratun Nisa'i an wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini ba da gangan ba. Daga cikin hikimar da malamai suka ambata akwai girmama rai, da kuma cewa kuskure irin wannan da wuya ya rasa ɗan ragowar rashin kula a cikinsa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗalibanmu ke karantawa a zaure, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai jan ta, da mahayinta, alhali babu ɗayansu da ya ce mata ta taka. Kuma malaman Malikiyya sun bambanta rijiya biyu. Wadda mutum ya gina a inda ya halatta gare shi, wani ya faɗa ba da sa hannun kowa ba, babu lamuni a kansa. Wadda ya gina a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, duk abin da ya halaka a ciki yana wuyansa, ko da yana barci a gida sa'ad da abin ya faru.

Hadisin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari, inda aka umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa, kada ya yanki wani. A lura, ba a hana shi ɗaukar kibau ba, ba a kuma ce wa mutanen kasuwa su yi ta waige-waige ba. An ɗora kulawar a kan mai ɗauke da abin, domin shi ya san inda kaifin yake. Idan haka ne ga kibiya wadda ido ke gani, ina ga ruwan da ya yi kama da abin sha?

Daga nan muke fitar da ma'auni. Abin da ya auku bayan mutum ya yi duk abin da masu sanin sana'ar suka san ana yi, shi ne tsautsayi. Abin da ya auku domin an bar wani abu daga cikin wannan, saboda ƙyuya ko gaggawa ko son rage kuɗi, sunansa sakaci. Kuma gwargwadon ɓoyuwar haɗari, gwargwadon nauyin da ke kan wanda ya san shi.

Wani zai ce: wannan magana ta masu hali ce, mai cajin batir da ke neman na cefane ina ya ga kuɗin kayan tsaro? Muna amsawa da cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta, wannan gaskiya ne. Amma mu duba da adalci: rubuta suna a jikin bido, da rufe murfi, da sa kwaɗo a akwati, da ajiye bokitin ruwa kusa, nawa suke ci? Yawancin haɗarin da ke aukuwa a cikin gari, abin da zai hana shi bai kai kuɗin shayin yini ɗaya ba. Wanda kuwa ba ya iya ko wannan, to bai kamata ya riƙe abin ba tun farko, domin talaucinsa bai halatta masa idon ɗan maƙwabci ba. Mai babban jari kuma, nasa nauyin ya fi, domin ba shi da uzurin rashi.

Haƙƙin iyali da maƙwabta: ajiya

Babban kuskuren da ake yi shi ne juye asid a cikin kwalbar lemo, ko robar ruwan sha, ko buta. Yaro ya saba abin da ke cikin irin wannan mazubi na sha ne, ba laifinsa ba ne in ya kai baki, har babba ma da ya shigo da ƙishirwa cikin duhu. A bar asid cikin mazubinsa na asali, na roba mai kauri da aka yi dominsa ko na gilashi, da murfi mai rufuwa sosai. A rubuta sunansa a jiki da boko da ajami, a ƙara da alamar haɗari domin wanda bai yi karatu ba. Kada a zuba sirkakken asid a gwangwani ko tukunyar alminiyom, domin yana cin ƙarfe, kuma yayin da yake ci yana fitar da wata iska mai suna haidirojin wadda tartsatsi kaɗan ke sa ta fashe.

Wurin ajiya ya zama mai inuwa, iska na ratsa shi, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da abinci ba, kuma a kulle. Ku tuna da zafin bazara da ke wuce digiri 40, wanda ke gajiyar da roba in ta daɗe a rana har ta tsage. A ajiye bido a ƙasa, ko a kan abin da bai kai tsayin fuska ba, cikin wani faffaɗan mazubi na roba da zai tare abin da ya yoyo. Tsantsar asid in aka bar ta a buɗe tana shan laimar iska, musamman da damina, har ta ƙaru ta tumbatsa.

Akwai kuma abubuwan da ba a haɗa shi da su ɗaki ɗaya. In ya gamu da ruwan jabel, sai iskar kulorin ta tashi, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai cikin 1915, mai ƙona huhu. In ya gamu da sodar da mata ke yin sabulu da ita, sai su tafasa su fantsama. A wuraren tace zinariya, in ya taɓa gubar siyanur, iskar da ke fita tana kisa cikin mintoci. A nisanta shi da fetur, da tsumma, da kara, da ciyawa. Bidon da ya ƙare kuwa kada a mai da shi na ɗebo ruwa ko na zuba man girki, kada kuma a sayar da shi ga wanda zai yi haka.

Kwamitocin masallatai ma wannan ya shafe su. Batirin da ake buɗewa a ƙara masa ruwa bai dace a bar shi a kan tabarma a inda yaran makarantar allo ke zama ba. A yi masa akwati mai ƙofofin iska a kulle, domin yayin caji yana fitar da waccan iska mai kamawa, kada a kusance shi da ashana ko garwashin turare. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa domin haka ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Haƙƙin hanya: ɗauka da safara

Hanya ta kowa ce, wanda ya ɗora haɗari a kanta ya shigar da mutanen da ba su san da shi ba cikin cinikinsa. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kan alamomi. Tankar da ke ɗauke da tsantsar asid sulfurik tana da allo mai launin lemo, an rubuta 80 a sama, 1830 a ƙasa. Akwai kuma wata alama mai kusurwa huɗu, samanta fari ƙasanta baƙi, da lamba 8, da hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe yana cin su. Ya kamata kowane direba da yaron mota da ɗan kamasho a tasha ya san waɗannan. Wanda ya ɓoye abin da ya ɗauko, ya ce wa direba ruwa ne ko mai ne domin a rage masa kuɗin mota, ya yi algus, kuma algus ɗinsa ya fi na mai jiƙa hatsi muni, domin wancan dukiya yake ci, wannan rai yake sa wa a haɗari.

A motocinmu na haya mun saba ganin mutane da buhunan gero da awaki da bido duk a wuri ɗaya. Asid ba ya shiga wannan lodi. Ana ɗaukarsa a tsaye, a ɗaure tam, murfi a sama, ba a ɗora masa kaya, ba a haɗa shi da fasinja ko abinci. Ba a rungume shi a kan kabu-kabu. Mai kamyo ya duba birki da tayu kafin tafiya, kada ya tsaya kwana a tsakiyar kasuwa. Maigidan da ke matsa wa direba ya yi tafiyar dare da rana ba barci domin kaya su isa da wuri, in motar ta faɗi, yana da kaso a cikin alhakin ko da yana zaune a Maraɗi ko Damagaram.

Cikin watan Fabrairu na 2019, a lardin Luwalaba na ƙasar Kwango, wata tanka ɗauke da asid zuwa wata mahaƙar ma'adinai ta kife a kan motar fasinja. Mutum wajen 20 suka rasu, wasu suka tsira da ƙuna mai tsanani. Babu ɗayansu da ke da hannu a cinikin asid, hanya kawai ta haɗa su.

Mu kuma jama'a akwai namu. Ba mu manta da daren watan Mayu na 2019 ba, sa'ad da tankar mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi, fiye da rai 50 suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Darasin shi ne, motar da ta faɗi tana yoyo ba wurin zuwa ba ne, ko kallo ko ɗiba, kuma dukiyar da ke zuba tana da mai ita. A ja da baya, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a kori yara da dabbobi, a kira ƴan kwana-kwana. Masu aikin su ne za su tare shi da rairayi ko ƙasa kada ya gangara tabki, su kashe ƙarfinsa da farar ƙasa.

Haƙƙin yaron shago: aiki da shi

Wanda ya fi kowa kusa da haɗari shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin murya, watau yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a. Amana ce aka damƙa. Bai halatta maigida ya tura shi juye asid ba tare da ya koya masa ba, ba tabarau mai rufe ido, ba safar hannu ta roba mai kauri, ba takalmi rufaffe. Cewa mu ma haka muka koya ba hujja ba ce, domin wanda ya tsira da idonsa ta hanyar sa'a ba shi da ikon yin caca da idon ɗan wani.

Ƙa'ida ta farko da za a koya masa: in za a sirka, asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana motsawa. Ba a zuba ruwa cikin asid. Dalili kuwa, ruwa ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama, zafin da ke fita ya tafasa shi nan take, ya yi tsalle ya fesa asid a fuska. Ta biyu: ba a zuƙo shi da baki ta tiyo kamar yadda wasu ke yi wa fetur. Ta uku: ba a buɗe murfi sai ruwa mai yawa yana kusa.

In ya zuba a jiki, magani na farko ruwa ne, mai yawa, yana kwarara, ba tare da jinkiri ba, aƙalla minti 20, ana tuɓe tufafin da ya jiƙa yayin da ake zubawa. Kada wannan ya rikita mu da ƙa'idar da ta gabata, domin ruwa mai yawa yana wanke asid ya tafi da zafin gaba ɗaya. In a ido ne, a buɗe fatar idon da yatsu a yi ta zubawa. Kada a shafa mai, ko man shanu, ko toka, ko kanwa, ko man goge haƙori. In an sha, kada a sa mutum amai, domin abin da ya ƙona da shigarsa zai sake ƙonawa da fitarsa, kada kuma a ɗura masa kanwa ko manja. A kurkure baki, a garzaya gidan likita, a tafi da mazubin domin likita ya san abin da yake fama da shi. Wanda ke sayar da asid ko yake sa a yi aiki da shi bai san wannan ba, neman saninsa ya wajaba a kansa, kamar yadda sanin hukuncin ciniki ya wajaba a kan ɗan kasuwa.

Mai sayarwa da mai zubarwa

Alhakin mai sayarwa ba ya ƙarewa da karɓar kuɗi. Kada ya sayar wa ƙaramin yaro ko da an aiko shi, kada ya zuba wa kowa a kwalbar abin sha, kuma ya faɗa wa mai saye abin da ya saya. Akwai kuma azzalumai da ke neman asid domin su watsa wa wani a fuska saboda gaba ko kishi. Malamai sun hana sayar da makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi, wannan ma haka ne. In baƙo ya zo, ba a san shi da sana'ar ba, ya kasa faɗin abin da zai yi da shi, barin wannan ciniki ya fi ribarsa.

Sai tsohon batir. Wasu suna tuntsurar da ruwansa a lungu ko a kwata, su fasa shi su narka darmar da ke ciki a tsakar gida. Wannan ruwa asid ne gauraye da darma, ita kuwa darma guba ce mai zama a ƙasa, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A unguwar Caroy ta gefen Dakar, a ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda darmar tsofaffin batira da aka yi ta fasawa a cikin unguwa. Na manyan masana'antu kuwa ɓarnarsa ta fi faɗi. Cikin Fabrairu na 2025, a ƙasar Zambiya, madatsar dagwalon wata mahaƙar tagulla ta ɓalle, aƙalla lita miliyan 50 na ruwa mai asid suka kwarara zuwa kogin Kafuwe, kifaye suka mutu, gonaki suka lalace, aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe. An hane mu ƙazantar da ruwan da mutane ke sha da inuwar da suke zama, to yaya zuba guba a cikinsu?

Kammalawa

Amsar tambayarmu ke nan, ya ku ƴan'uwa. Kyakkyawar niyya tana kare mutum daga zunubin ganganci, amma ba ta sauke masa amanar abin da ya sani. Wanda ya rufe, ya rubuta, ya kulle, ya ɗaure, ya koyar, sa'an nan abu ya auku, wannan ya gamu da ƙaddara, zuciyarsa ta natsu, kada kowa ya zarge shi. Wanda kuwa ya san ya yi sakaci, ƙofar tuba a buɗe take, amma tubar da ta shafi haƙƙin mutane tana da sharaɗi: ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya ɗauki nauyin magani, ya biya abin da shari'a ta ɗora masa, ya nemi gafarar wanda ya cuta, ya kuma gyara wurin da ɓarnar ta fito.

Maƙwabcin da ya ga bido a buɗe a ƙofar garaji, yara na wucewa, shi ma ya shiga cikin waɗanda suka sani. Kunya ba ta isa ta hana shi magana ba. Ya je ya yi nasiha cikin ladabi, a keɓe, tun abin bai auku ba, domin wannan ya fi zuwa jaje. Muna kira ga limamai da shugabannin masu sana'a, na makanikai da na direbobi da na masu tace zinariya, su riƙa tunatar da mutanensu wannan, kuma kowa in ya koma gida ko shago yau ya duba abin da ya ajiye da inda ya ajiye shi.

Allah Ya sa mu cikin masu tsare amana, Ya kare mu daga cutar da wani ko a cutar da mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.